ADON ƊAKI: Kada Ki Raina Tsohuwar Kujera

 Yau na ɗan ajiye rubutun labari, zancen kujera nake tafe da shi, kuma abin da ya faru a gidanmu ne ya jawo shi.

Lokacin da aka sa ranar Yayata, Umma ta kira ta ɗaki ta ce, "Ga kujerun kakanku can jibge a shago, me zai hana a kai wa kafinta ya sake masu riga a sa miki a falo? Kin ga sai a rage wa Babanku nauyi." Kujeru ne guda huɗu, doguwa ɗaya da ƙanana uku, masu hannun katako, kakanmu ya saye su da kuɗin Udoji a shekarar 1975. Ba ku ga yadda Yaya ta yi tsalle ta dire ba. "Haba Umma! So kike 'yan ganin ɗaki su mayar da ni abin dariya? Ni ce za a kai da kwancen tsofaffi?" Kwana biyu tana kuka ta ƙi cin abinci. Ƙarshe Baba ya ci bashi ya sayo mata irin tima-timan nan masu sheƙi, 'yan jere suka jera ana ta guɗa.

Damina biyu kacal suka yi. Hannun doguwar ya fara rawa, tsakiyarta ya lotsa, baƙo in ya zauna sai an miƙa masa hannu kafin ya tashi. Da kafinta ya yaye yadin, me za a gani? Siraran farin katako da kwali da garin katako da aka matse da gam, an harhaɗa da 'yan ƙananan ƙusoshi. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo. A lokacin ko bashin Baba bai gama biya ba.

Su kuwa kujerun kaka, Gwaggonmu ce ta kwashe su. Aka goge katakon aka shafa masa banish, aka sa sabon soso da yadi ruwan ƙasa, aka jera wa 'yarta. Ranar da muka je ganin ɗaki, Yaya da bakinta ta shafa hannun kujerar tana cewa, "Kai Gwaggo, waɗannan daga ina aka yo odarsu?" Gwaggo ta yi dariya har da tafawa. Ni dai na sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido da Yaya.

Abin da na koya daga nan shi ne, kujera ƙashinta ake saya, yadi riga ne kawai, kuma riga ana sakewa. Amma fa kada ki ce na ce miki duk tsohuwar kujera abin ɗauka ce. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, sai dai akwai tsohuwar da ko kyauta aka ba ki asara ce. Don haka in za ki zaɓa, ko a gida ko a wajen 'yan gwanjo masu kayan Beljiyam, ga abin da za ki duba.

Na farko, katako. Ki ɗaga kujerar ki ji nauyinta. Jan katako irin maɗaci ko loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, yana da nauyi, yana jure zama, kuma gara ba ta cika samun sa da sauƙi ba. Farin katako mara nauyi shi ƙwaro ya fi so. Ki kifar da ita ki leƙa ƙasan, domin can ne ba a shafa fenti a ɓoye aibi. In kin ga 'yan ramuka kamar hujin allura, ki ƙwanƙwasa wajen. Idan gari ya zubo kamar tsaki mai laushi, ƙwaron yana ciki da ransa, ki bar ta kawai, kada ki kai ta ɗaki ta cinye miki gado da sif.

Na biyu, mahaɗa. Masassaƙan da can sukan huda katako ne su zura ɗaya cikin ɗaya kamar taɓarya a turmi, shi ya sa aikinsu ke daɗewa. Ki kama kujerar ki girgiza. Idan doguwa ce, ki ɗaga ƙafarta ɗaya ta gaba kamar taki guda daga ƙasa. In ɗaya ƙafar gaban ta biyo ta, ƙashin lafiya lau yake. In ta zauna daram a ƙasa kujerar na murɗewa, to ƙashin ya saki. Ɗan rawa a mahaɗa kafinta zai gyara da gam, amma karaya a tsakiyar katako ko ruɓewa saboda lema, wannan ba ta gyaruwa yadda za ta gamsar.

Na uku, ki zauna a kai, kada ki ji kunyar mai kaya. Ki ji ko sifirin na ƙara ko yana sukar ki, ki sa hanci ki sunsuna ko akwai warin ruma. Sannan ki buɗa ɗinki da lungu-lungu ki duba kuɗin cizo, alamarsa ɗige-ɗigen baƙi ne kamar an yayyafa tawada. Shawarata, duk kujerar gwanjo a cire tsohon soson da yadin a yar tun kafin ta shiga gida, a shanya ƙashin a rana ya sha zafi sosai. Kuma don Allah a daina tuttula fiya-fiya a ɗaki a rufe ana kwana ciki, guba ce. Haka in akwai tsohon fenti za a kankare, a yi a waje nesa da yara, domin wasu tsofaffin fentin akwai dalma a ciki.

Na huɗu, lissafi. Kafin ki biya, ki tafi da kafinta ya faɗa miki kuɗin soso da yadi da ladan aiki, ki haɗa da kuɗin kujerar ki gani ko ta biya. Ki auna faɗin ƙofarki da falonki ko da igiya ce. Na san amaryar da sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin doguwar kujerarta ta shiga, da ta shiga kuma babu wurin shimfiɗa tabarma.

Sai batun bakin dillalai. Za ki ji ana cewa, "Hajiya wannan kayan tarihi ce, daga Ingila take." To ki sani, su Turawan da kansu ba sa kiran kujera kayan tarihi sai ta cika shekara 100. Wadda ta yi 20 ko 40, 'yar yayin da ce kawai, ko da tana da kyau. Akwai mai maɓallai lume cikin fata, hannunta da bayanta tsayi ɗaya, ita ake kira Chesterfield, asalinta Ingila. Akwai ta lanƙwasasshen katako mai mazaunin saƙa, wadda Michael Thonet ya fitar a birnin Biyana a 1859, da tururi ake lanƙwasa katakonta. Dukkansu an kwaikwaye su ba iyaka, saboda haka kada a tsuga miki kuɗi a kan suna. Ki biya kuɗin abin da idonki ya gani.

Mu ma fa muna da namu. Kujerar Nufawa ta Bida, wadda ake sassaƙawa daga gungumen itace guda, ƙafafu takwas ko goma, samanta da zane, in kika goge ta kika ajiye a kusurwar falo ba ƙaramin kyau take yi ba. Haka 'yar kujerar tsugunno ta kakarki da ta yi santsi don zama. Kada a bari a faskara ta a hura wuta.

'Yan uwa, na san abin da ke ranku, tsoron bakin dangin miji da ƙawaye ne. Amma ganin ɗaki na wuni ɗaya ne, masu magana su ci su sha su watse, a bar ki da kujera, a bar Babanki da bashi. Ki tafi ki leƙa shagon gidanku tukuna kafin a shiga kasuwa.

Wadda duk ta taɓa gyara tsohuwar kujera, ta rubuto mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.