ZANCEN ZAURE: Haihuwar da ta zo bayan an fid da rai

Ga watan Disamba ya kama, kasuwar Kejetiya ta cika ta batse, maƙwabtanmu Kirista suna ta sayen atamfa da shinkafa da kaji domin sallarsu ta Kirsimeti, wadda Tonawa ke kira Buronya. Da yawa daga cikinmu da cinikin watan nan su ke biyan bashin shekara. To, tun da muna cin ribar biki, ya kamata mu san abin da masu bikin ke tunawa.

Kowa ya san haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ita ce tushen abin. Amma littafinsu, wanda aka fara buga shi dukansa da Hausa a 1932, yana ɗauke da labarin waɗansu haife-haife na ban mamaki tun kafin wannan. Littafin Farawa ya ce Annabi Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da aka yi masa alkawarin zuriya, bai ga Ishaku ba sai da ya kai 100, Saratu kuwa tana da 90. Watau shekara 25 cur ana jira. Da Saratu ta ji bushara daga bakin alfarwa sai ta yi dariya, don ta ga abin ya fi ƙarfin hankali, sunan Ishaku ma a Ibrananci dariya ya ke nufi. Duk da haka Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 11, ta ambaci sunanta a jerin masu bangaskiya. Ishaku kuma ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ba ta haihu ba sai da ya kai 60, sa'an nan ta haifi tagwaye. Abin da littafin ya ce ya yi a tsakani shi ne ya roƙa mata Allah.

Wadda labarinta ya fi kama da na gidajen zango ita ce Hannatu. Mijinta Elkana mata biyu gare shi. Kishiyarta Feninna tana da 'ya'ya, ita ko babu, kowace shekara in sun tafi ibada a Shilo sai kishiyar ta tasa ta gaba da gori, har ta kasa cin abinci. Wace tsohuwa ce a cikinku ba ta taɓa jin irin wannan habaici a tsakar gida ba? Rannan Hannatu ta shiga wurin ibada tana addu'a a zuci, leɓe yana motsi, murya ba ta fita. Eli, babban malamin wurin, ya ɗauka ta sha giya ce, ya tsawata mata. Ku duba fa, mace ta kawo kukanta, malami ya ce maye ne! Ta yi masa bayani da ladabi, shi kuma ya gane, ya sa mata albarka. Ta yi wa'adi in ta sami ɗa namiji za ta ba da shi ga bautar Allah. Aka haifi Sama'ila, tana yaye shi ta kai shi Shilo ta baro shi, kowace shekara ta kan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Bayansa ta haifi maza 3 da mata 2.

Labarin Annabi Zakariya mun san shi a Suratu Maryam, sai dai akwai bambanci. A wurinmu shi ya roƙi alama, aka ce ba zai yi magana da mutane ba kwana 3. A Linjila ta hannun Luka kuwa, bebancin horo ne don ya yi shakkar maganar Jibra'ilu, bakinsa bai buɗe ba sai ran suna, sa'ad da dangi suka so a sa wa yaro sunan ubansa, uwar Alisabatu ta ƙi, shi kuma ya nemi allo ya rubuta sunan da mala'ika ya faɗa.

Kan Nana Maryamu, mu da su bakinmu ɗaya cewa budurwa ce ta ɗauki ciki da ikon Allah. Inda muka rabu, su sun ce Ɗan Allah ne, mu muka ce bawan Allah ne, manzonSa. Wannan rabuwa ba ƙarama ba ce, amma ba ta hana Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi karanta wannan sura a gaban Najjashi, sarkin Habasha, Kirista, ba. Ba ta kuma hana Babban Limamin Gana, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ziyartar cocin Katolika a Ankara ran Ista ta 2019 ba.

Yanzu ga inda na dosa, Alhazai da Malamai. A duk labaran nan ban ga mijin da ya saki matarsa don ba ta haihu ba, ban kuma ga wanda aka yanka wa farashin addu'a ba. Mu kuwa amarya ta yi shekara 3 shiru, sai uwar miji ta fara cewa an kawo mata juya, ita kuma ta sayar da zannuwanta tana bin masu tsibbu, wata ma a ɓoye har sansanin addu'a na fastoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa wajen mutum 1 cikin 6 ya kan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, maza da mata. Likitoci sun tabbatar sau da yawa larurar a jikin namiji ta ke, gwajinsa kuwa ya fi na mace sauƙi da araha. Asibitin Komfo Anokye yana nan cikin Kumasi, tafiyar 'yan mintoci daga Kejetiya. Maigidan da ya iya raka matarsa wurin malami, sai ya raka ta can, a fara da gwada shi.

Haza wasalam, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.