A Binciki Fili, A Bar Asalin Mai Fili

Duk wanda ya taɓa zaman baƙunta a garin da ba nasa ba ya san nauyin tambayar nan da akan yi wa mutum cewa, "Kai ɗan ina ne?" A bakin abokin hira tambaya ce ta neman sabo, amma a bakin ma'aikacin da ke riƙe da hatimi takan zama sakata. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, tambayar nan ta daɗe tana aiki a ƙasar Ailan, can yammacin Ingila, inda akan hana mutum izinin gina gida a filin da ya saya da kuɗinsa, don kawai ba a ƙauyen ya tashi ba. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilai masu ban al'ajabi da hukumomin ƙasar kan bayar in za su ƙi amincewa da ginin gida a karkara, kuma ya kamata a baje su duka a faifai, domin a cikinsu akwai na gaskiya, akwai kuma na zalunci.

Mutanen Ailan masu son zaman ɗai-ɗai ne, kowa da gidansa a gonarsa, nesa da maƙwabci. Tun daga shekarar 1964, lokacin da dokar tsarin gine-gine ta 1963 ta fara aiki, ba mai ikon aza tubali sai ya sami izini daga majalisar gundumarsa. Wanda aka hana, ko maƙwabcin da bai yarda da izinin da aka bayar ba, yana iya ɗaukaka ƙara zuwa wata hukuma ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka kafa a 1977 da sunan An Bord Pleanála, sa'an nan aka maye gurbinta da An Coimisiún Pleanála a 2025. Idan aka tankaɗe dalilan da waɗannan hukumomi kan kafa hujja da su, za a ga sun kasu kashi biyu: waɗanda ke tuhumar fili, da wanda ke tuhumar mutum.

Na farko a cikin masu tuhumar fili shi ne shan ruwan ƙasa. Gidan karkara ba shi haɗe da babban magudanar gari, saboda haka ƙazantarsa a ramin sokawe take taruwa, sa'an nan ruwanta ya tsiyaye cikin ƙasa a hankali. Kafin a ba da izini sai masani ya zo ya haƙa ramuka a filin, ya zuba ruwa, ya riƙe agogo yana duban yadda ruwan ke sauka. In ƙasar ta shanye shi da sauri ƙwarai, an ƙi, domin ƙazanta za ta isa rijiyoyi ba ta tacu ba. In kuwa ta ƙi sha, nan ma an ƙi, domin ruwan zai kwanta a sarari ya gangara rafi. Gundumar Leitrim ta fi kowace shan wahalar wannan ƙa'ida, musamman bayan da hukumar kare muhalli ta tsaurara ta a 2009, saboda yawancin ƙasarta taɓo ce mai riƙe ruwa. Abin tausayi a nan shi ne, gundumar da take da mutum kimanin 155,000 a 1841, yunwa da ƙaura suka rage ta har ta koma wajen 25,000 a 1996, ita ce kuma 'ya'yanta masu son zama gida suka rasa inda za su yi gini.

Duk da haka ba wanda zai ce wannan dalili na banza ne. A 2007 wata ƙwayar cuta da ke fitowa daga ƙazantar mutane da dabbobi ta shiga ruwan tafkin Corrib, mutanen birnin Galway suka yi kusan wata biyar ba su shan ruwan famfo sai sun tafasa. A 2009 Kotun Tarayyar Turai ta sami Ailan da laifin sakaci wajen sa ido a kan ramukan sokawe, waɗanda yawansu ya kai kusan rabin miliyan, kuma a ƙarshen 2012 ta ci ta tarar Yuro miliyan 2, da wasu Yuro 12,000 a kowace rana har sai ta gyara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gona ba; abin da mutum ya zuba a ramin bayan gidansa, maƙwabcinsa ke jawowa da guga.

Dalili na biyu ya fi jawo dariya ga wanda ya fara jinsa, watau a tsai da gini saboda jemage, ko saboda wata halitta ta cikin rafi. Akwai wani ƙaramin jemage wanda a duk tsibirin ba a samunsa sai a gundumomi shida na yamma, yana kwana a tsofaffin kangaye, kuma hasken fitila na kore shi daga hanyar kiwonsa. Akwai kuma wata halitta mai ɓawo biyu, dangin dodon-koɗi, wadda ke iya haura shekara 100 a raye, amma 'ya'yanta ba su tsira sai a ruwa garau wanda ba laka ba ƙazanta. Dokar Tarayyar Turai ta 1992 ta wajabta kare mazaunin irin waɗannan halittu, saboda haka gidan da zai zuba laka ko ruwan sokawe a rafinsu yana iya rasa izini. Mai son gini zai ce an fifita dodon-koɗi a kan ɗan Adam. Amma rafin da halittar nan ta kasa rayuwa a cikinsa, alama ce ya fara lalacewa, kuma shi ne rafin da garuruwan da ke gangare ke sha.

Sauran dalilan sun shafi hanya da kuma abin da ido ke gani. Akan ƙi izini in mai fitowa da mota daga ƙofar gida ba zai hangi abin da ke tahowa daga nesa ba, kuma tun 2012 ƙa'ida ta hana buɗe sabuwar ƙofa a kan manyan hanyoyin ƙasa inda aka yarda a yi gudun da ya wuce kilomita 60 a sa'a. Akan ƙi in gidaje sun fara jeruwa a bakin hanya kamar tsakiyar carbi. Ƙa'idojin 2005 sun kwatanta wannan da gida biyar ko fiye a gefe ɗaya cikin mita 250, don haka wanda ya zo daga baya yakan rasa, ko da filinsa ba shi da aibu. Akan ƙi in gidan zai tsaya a ƙololuwar tudu ya ɓata kyan wurin. Akan kuma ƙi in ginin zai taɓa ɗaya daga cikin tsofaffin ganuwoyi masu da'ira da mutanen dā suka zauna a ciki, waɗanda yawansu ya haura 40,000 a tsibirin. Doka na kare su a matsayin kayan tarihi, manoma kuwa tun tuni suke tsoron taɓa su, don sun ɗauke su gidajen aljanu. Har a 1999 an yi ta ka-ce-na-ce a gundumar Clare a kan wata ƙaya da aka ce mahaɗar aljanu ce, aka gina babbar hanya aka bar ta tsaye a gefe.

Waɗannan dalilai, kome baƙuncinsu a kunne, hali ɗaya ya haɗa su. Ana iya auna su da agogo ko da igiyar awo, kuma hukuncinsu ɗaya ne ga ɗan gari da baƙo, ga mai kuɗi da talaka. Wanda aka hana ya san abin da zai gyara: ya matsar da ƙofa, ya sauke rufi, ya sayi wani fili, ko ya kawo wata dabarar tace ruwa. Hasali ma a 2021 an sabunta ƙa'idojin sokawe, aka yarda da wasu sababbin dabaru ga ƙasa mai jinkirin shan ruwa.

To, sai dalilin da ke tuhumar mutum. Ƙa'idojin 2005 ɗin nan sun ce a karkarar da ke kusa da manyan birane, a fi ba da izini ga wanda yake ɗan wurin ne na haƙiƙa, ko wanda aikinsa ke wurin, kamar manomi. Kowace gunduma sai ta yanka wa kanta ma'auni: shekara nawa mutum ya zauna a wurin, kilomita nawa tsakanin filin da gidan iyayensa, ko ya taɓa mallakar wani gida. Don cika wannan, masu neman izini kan tattara takardar haihuwa, da shaidar makarantar firamare, da wasiƙar limamin coci, da ta ƙungiyar wasanni ta ƙauye. A ɗauka ga mutum biyu, filayensu na jingine da juna, ƙasa ɗaya, hanya ɗaya, zanen gida ɗaya. Na farko an haife shi a ƙauyen, yana aiki a Dablin, kullum sai ya yi sammako ya tafi. Na biyu an haife shi a garin da ke gaba kaɗan, amma shi ke son zama ya sa 'ya'yansa a makarantar ƙauyen. Na farko zai samu, na biyu zai rasa. A nan ba a auna kome ba sai inda aka binne cibiya.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce in aka saki ƙofa, masu albashin birni da masu neman gidan hutu za su saye filayen, farashi ya tashi, ɗan manomi ya kasa sayen ko taku ɗaya a mahaifarsa. Sun ce gidajen da suka warwatsu suna da tsadar kai wa wuta da ruwa da motar asibiti, kuma suna tsotse ƙananan garuruwa har kantunansu su rufe. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganin yawan gidaje shi ne a ƙayyade yawansu, a kuma nuna inda za a yi su. Maganin gidan hutu kuwa yana hannunsu tuni, domin akan ɗora wa mai izini sharaɗin ya zauna a gidan da kansa shekara bakwai. Wannan sharaɗi yana duban abin da mutum zai yi nan gaba, kuma kowa na iya cika shi. Tambayar asali kuwa tana duban abin da ya riga ya wuce, wanda ba mai iya sāke shi.

Hukumar Tarayyar Turai ta nuna wa Ailan damuwa a kan haka tun 2007. A watan Mayu na 2013 kuma Kotun Tarayyar ta yanke hukunci a kan wata doka mai kama da wannan ta yankin Flanders na ƙasar Beljiyam, wadda ta ce a wasu garuruwa ba mai sayen fili sai wanda ke da cikakkiyar alaƙa da garin. Kotu ta ce dokar ta tauye 'yancin mutane na zama inda suke so. A 2017 ma'aikatar gidaje ta Ailan ta umarci gundumomi su dakata da gyara tsarinsu har sai ta fito da sababbin ƙa'idoji, a 2018 aka sauya lafazi zuwa bukatar aiki ko ta zamantakewa, amma har shekarar 2024 ta ƙare ana ta alkawarin ƙa'idojin ba su fito ba. Gwamnati ta ga wuta ta ga ruwa, tana tsoron kotu, tana kuma tsoron masu ƙuri'a na karkara.

Akwai wata shari'a da ta fi wuyar yankewa. A 1935 gwamnati ta kwaso wasu iyalai masu jin harshen Ailan na asali daga Connemara ta zaunar da su a Ráth Chairn cikin gundumar Meath, suka riƙe harshensu a tsakiyar masu jin Turanci. Da aka ba wani mai gine-gine izinin gidaje 30 da masauki a ƙauyen, sai ƙungiyar taimakon kai ta mazauna ta kai ƙara, kuma a 2021 Babbar Kotu ta soke izinin, bisa cewa ba a auna yadda ya kamata abin da zai sami harshen ba. Wannan ma ya taɓa mutum, amma da bambanci. Harshe abin koyo ne, baƙon da ya sa kansa zai iya shi, kuma dokar 2000 ta ambaci kare shi a fili. Mahaifa kuwa ba a koyonta a makaranta.

Mai karatu da ke zaune a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba, ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take, amma jikan wanda ya kafa rumfa a can har yanzu akan neme shi da takardar shaidar asali, kamar yadda akan nemi jikan wanda ya zauna a Sabon Garin Kano. Alhali kuwa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ce gwamna amana yake riƙe da ƙasar jiharsa domin amfanin dukan 'yan Nijeriya, kuma sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar fili da gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Abin takaici shi ne, a wurare da yawa an juya lamarin: ba mai auna nisan masai da rijiya, ba mai hana gini a hanyar ruwa sai ambaliya ta ci gidaje, amma kowa na da lokacin tambayar sunan kakan mai fili.

Saboda haka ya kamata gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su ɗauki abin da Ailan ta yi daidai, su bar mata inda ta karkace. A sa masana su riƙa duba ƙasa da ruwa da hanya kafin a aza harsashi, a rubuta wa wanda aka hana dalili a takarda, a kuma ba shi inda zai kai kuka. In fili ya ci jarrabawa, mai shi kuma ya yarda zai zauna ya biya haraji ya yi zaman lafiya da maƙwabta, to, a buga masa hatimi, ko daga ina iyayensa suka fito.