Robar Mahaifa: Sanyawa Ba Ita Ce Ƙarshen Magana Ba

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Da yawa daga cikin matan da aka sanya wa robar mahaifa domin tazarar haihuwa sun ɗauka da ta shiga shi ke nan. Alhali kuwa takan zame ta fito, musamman a watanni 3 na farko, sau da yawa tare da jinin haila, mace ba ta ankara ba. Ranar da ta fita, ranar kariya ta ƙare, ciki na iya shiga nan take.

A ganina, nauyin yana wuyan malaman asibiti. Wajibi ne su koya wa mace laluben zaren robar bayan kowace haila. In zaren ya ɓace, ko ya ƙara tsawo, ko ta taɓo robar kanta, to ta garzaya asibiti, kada ta mayar da hannunta. In an riga an sadu, akwai maganin gaggawa da ake sha cikin kwana 5. Maigida kuma ya daure har a duba. Kunya ado ce, amma ba ita za ta yi rainon kwanika ba.