Wayar At Ba 'Yar Rakiya Ba Ce

Sau da yawa za ka ga saurayi ya kashe kuɗi masu yawa ya sayi amfilifaya da manyan lasifika domin motarsa, ya zaɓi waya mai kauri wadda za ta kawo wuta daga batir, amma da an zo kan wayar da masu wayarin ke kira "at", sai a tsinto guntun waya siririya a maƙala ta a jikin wani noti mai fenti a cikin but. Ni a ganina wannan ganganci ne, kuma tushensa rashin fahimtar darasin da ake koyarwa a kowace sakandare.

Mota ba ta haɗe da ƙasa, tana tsaye ne kan tayoyin roba. Abin da ake kira "at" a cikinta shi ne ƙarfen bodinta, wanda aka haɗa da kan batir mai alamar ragi. Lantarki ba ya gudana sai ya sami hanyar komawa inda ya fito, don haka duk wutar da ta shiga amfilifaya ta jar waya, ta baƙar wayar nan za ta fita, ba ragi ko kaɗan. Ina hujjar a ce ɗaya ta yi kauri, ɗaya ta zama kamar zare?

Bari mu yi lissafi da ƙa'idar da Georg Ohm ɗan Jamus ya wallafa a 1827. Amfilifayar da ke jan wat 600 daga batir mai bolt 12 tana buƙatar amfiya 50. A ce fenti ko tsatsa sun haifar da turjiya ta om 0.05 kacal a wurin haɗin. Nan take bolt 2.5 sun salwanta, wato fiye da kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfin batir. Mafi muni, zafin da ke taruwa a wurin ya kai wat 125, ya zarce na ƙwan fitila mai wat 100, a fili wanda bai wuce faɗin farce ba, kusa da kafet da soso. Ta haka roba ke narkewa, wani lokaci har gobara ta tashi.

Kafin a kai ga haka, motar kan yi gargaɗi. Sauti yana yankewa idan ganga ta buga da ƙarfi, ko a riƙa jin wani siririn kuka a lasifika wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur. Kukan na altaneta ne, ya kutso saboda rediyo da amfilifaya ba su tsaya kan "at" guda ba. Idan hanyar ta yi muni sosai, wutar takan nemi komawa ta siraran wayoyin da ke ɗauko sauti daga rediyo, ta ƙona shi. Sai mai mota ya ɗora laifi kan kayan, alhali noti ne.

Gyaran kuwa ba shi da tsada. A fara cire kan batir mai alamar ragi. A sami wayar jan ƙarfe mai kauri daidai da ta wutar, gajera, kada ta wuce kimanin santimita 45. A kankare fentin har ƙarfe ya yi ƙyalli, a matse zobe a bakin wayar, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a sama saboda tsatsa. A guji notin bel ɗin kujera, domin aikinsa ceton rai ne. Mai huda bodi kuma ya leƙa ƙasa tukuna, kada ya sami tankin mai ko bututun birki. Jar wayar ita ma tana buƙatar fis dab da batir.

Ga malaman kimiyya, ina ba da shawarar a fita da ɗalibai wurin ajiye motoci da mita a hannu, su auna bambancin bolt tsakanin kan batir mai ragi da wurin "at" na amfilifaya yayin da kiɗa ke tashi, su kankare fentin, su sake aunawa.