Auren Biza: Saukar Jirgi Somin-Taɓi Ne

Kusan kullum sai ka ci karo da irin bidiyon a TikTok ko Instagram: amarya da akwatunanta a filin jirgin Abuja, ko ango cikin rigar sanyi a Landan, ƙasa an rubuta "Alhamdulillah, mun haye". Sai ruwan sharhi, wannan ya ce Allah ya maimaita mana, waccan ta ce a haɗa ta da ƙanin mijin. Abin da ba a ɗora mana shi ne shekara biyar ɗin da ke biyo baya. Ra'ayina a nan, duk wanda zai bi miji ko mata zuwa wata ƙasa bai san dokar zamansa ba, ya miƙa wuyansa ga wani ne da hannunsa.

Mu ɗauki Birtaniya. Bizar aure da za a ba ka daga Najeriya ta shekara 2 da wata 9 ce. Kafin ta ƙare sai ka sabunta, a ƙara maka shekara 2 da rabi. Sai ka cika shekara 5 sannan za ka nemi izinin zama na dindindin. A kowane mataki sai kun nuna cewa auren na nan kuma kuna tare: takardar haya, takardun wuta da ruwa, wasiƙun banki masu adireshi ɗaya. Hotunan kamu da dina kaɗai ba za su fisshe ku ba.

Ga batun kuɗi. Tun watan Afrilun 2024 sababbin masu nema sai sun nuna samun fam 29,000 a shekara, alhali a da fam 18,600 ne. Akwai kuɗin lafiya, fam 1,035 kan kowace shekara, wanda ake biya dunƙule tun kafin a duba takardarka, ban da kuɗin bizar kanta. A tsawon wannan lokaci ba ka da haƙƙin karɓar yawancin tallafin gwamnati. Sannan ga jarrabawar Turanci da ke ƙara tsauri a kowane zango, a ƙarshe kuma ga jarrabawar sanin rayuwa a Birtaniya: tambaya 24, sai ka ci 18. Idan kuɗin shigarku ya gaza lokacin sabuntawa, ana iya mayar da kai layin shekara 10.

To 'yar uwa, ke nake so ki fi buɗe kunne. Bizarki a jikin auren take rataye. Idan aka rabu, ma'aikatar cikin gida na iya datse ta, kuma wasu mazan sun san haka sarai, shi ya sa da an samu saɓani sai ka ji "zan sa a mayar da ke gida". Ki sani, dokar ƙasar ta ba wadda aurenta ya mutu saboda duka ko azabtarwa damar neman zaman dindindin da kanta, ba sai ta jira shekara 5 ba. Haƙuri ibada ne, amma ba a ce ki zauna a kashe ki saboda takarda ba. Ki kuma tambaya tun kafin a shafa fatiha: yana da wata matar a can? Birtaniya ba ta ba mata ta biyu bizar aure muddin uwargida na zaune a ƙasar da igiyarta.

Kai kuma ɗan uwa mai farautar baturiya a Facebook don ka tsallake, ka yi lissafi. Shekara 5 za ka yi kana gida ɗaya da wadda ba ka so, guminka na tafiya a kuɗin takardu, ranar da ta gano ka kuwa saƙo ɗaya zuwa hukuma ya isa ya rusa komai. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani zai ce ai so ne, me ya kawo lissafi? Gaskiya ne, akwai aure masu albarka da yawa da aka ƙulla ta haka. Amma so ba ya hana biza ƙarewa, kuma ma'auratan da suka san dokar tare sun fi zama lafiya, don babu mai riƙe wani da tsoro.

Saboda haka fasfonka ya zauna a hannunka. Yanzu da izinin zama ya koma na intanet, a buɗe asusun da imel ɗinka da lambarka. Ka rubuta ranar ƙarewar bizar, ka tura takardar sabuntawa kafin ta zo, domin wanda ya nema a kan lokaci zamansa na halal ne har a yanke hukunci. Ka adana kowace takarda mai sunanku. Dokokin nan suna yawan sauyawa, don haka ka duba shafin gwamnatin da kanka ko ka nemi lauya mai rajista, kar ka dogara da "ejan" na WhatsApp. Iyaye ma a nuna musu wannan kafin su karɓi sadaki.