Teburin Mai Shayi a Asibitin Masu Taɓin Hankali

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa daga Hawandawaki zuwa Tasawa ko Maraɗi neman maganin taɓin hankali ya san komowa gida ta fi tafiyar wuya. Likita ya sallame shi, amma gari bai karɓe shi ba. Wanda a da ake kira wane maɗinki ko wane mai gyaran keke, yanzu sunansa guda ne: mahaukaci. Ba a ba shi ajiya, ba a neman shawararsa, in ya yi magana sai a dubi juna. A ganina, asibitin da ke kula da irin waɗannan bayin Allah ya kamata ya kafa teburin shayi a harabarsa, ya danƙa shi ga majinyatan da suka fara samun sauƙi.

Shawarar tana da tarihi. A 1953 Frantz Fanon, likita ɗan tsibirin Martinik, ya kama aiki a asibitin Blida na ƙasar Aljeriya. Ya shigo da taron majinyata da silima da 'yar jarida. Abin ya karɓu a sashen matan Turawa, amma a sashen maza Musulmi ya ci tura. Shi da abokin aikinsa Jacques Azoulay suka gane laifin nasu ne: ba su jin harshen mutanen sai ta bakin tafinta, kuma sun ɗora musu al'adar da ba tasu ba. Da suka buɗe gidan gahawa irin wanda mazan ƙasar suka saba zama, suka raya bukukuwan salla, suka gayyato mai ba da labari, sai majinyata suka soma fitowa suna cuɗanya.

Abin da gidan gahawa yake ga mutumin Aljeriya, shi ne teburin mai shayi da fadar samari a wurinmu. Mai nazarin harshe ya fi kowa sanin abin da ke gudana a nan. Ana sallama a amsa, a tambayi gajiya da iyali, a yi ciniki, a yi raha, kowa ya jira lokacinsa na magana. A ɗakin jinya tambayar majinyaci ake yi, shi kuwa ya amsa. A bakin tebur shi ke tambaya: da madara ko babu? Wanda ya yi watanni ana magana a kansa ya koma wanda ake magana da shi.

Ga kuma sana'a. Tashi da asuba, hura wuta, wanke kofuna, auna sukari, ba da canji, riƙe lissafin bashi, duk horo ne ga hankalin da ciwo ya warwatsa. Jarinta bai fi ƙarfin dangi ba: tebur, benci, tukunya, gawayi da burodi. Wanda ya koya a asibiti yana iya kafa nasa a tasha ko bakin kasuwa.

Masu ja za su ce tafasasshen ruwa da wuƙa ba kayan hannun marar lafiya ba ne. Damuwarsu tana da tushe. Don haka likita ne zai zaɓi wanda ya isa, ma'aikaci ya tsaya tare da su, kuma kada a bar shan magani. Sharaɗi na biyu shi ne a biya su ladan aikinsu, domin aikin da babu lada bauta ce, ko da an kira shi jinya.

Saura namu. Tebur ba ya tsayuwa sai da masu saye. In aka kafa shi, mu zauna mu sha, kuma mu kira mutumin da sunan da ya samu da guminsa: mai shayi.