Kafin bakanike ya cire wa motarka ƙwaƙwalwa

Yau maganar mota zan yi. Na san wata hajiya za ta ce ina ruwan mai sayar da tumatir da cikin injin, to amma a yi haƙuri a bi ni, domin duk litar man da a-kori-kura ta sha a banza, a kan kuɗin dakon kwandonki direba yake fanshe ta.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata a-kori-kura ƙirar Toyota da muke haɗa kuɗi mu yi shatarta zuwa kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi. Motar ta fara shaƙewa a hanya, tana tafiya tana mutuwa. Mai ita ya kai ta gareji, bakanike ya buɗe gaba, ya ga wayoyi, sai ya ce: "Alhaji, wannan injekta ce, ciwon kai ce, bari mu mayar maka da ita kafireta ka huta." Aka yi hakan. Bayan mako biyu direba ya ƙara mana kuɗin kowane buhu, ya ce motar ta koma shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Da wani yaro mai na'urar bincike ya duba kayan da aka cire, sai ga shi matatar mai ce kawai ta toshe, famfon ya gaji. Garin neman gira an rasa ido.

Bari in yi bayanin abin a taƙaice ga wanda bai sani ba. Injin isansi yana buƙatar a gauraya masa mai da iska, sannan buji ya ba da wuta. A tsohon tsari kafireta ce ke gaurayawa, iska na wucewa tana zuƙo mai daga wani ɗan kwano, ko injin na buƙata ko ba ya buƙata. A sabon tsari kuwa akwai wani ɗan akwati da ake kira ƙwaƙwalwar mota, shi ke auna iskar da ta shiga da zafin injin da hayaƙin da ke fita, sannan ya umarci injekta ta fesa daidai gwargwado. Kamar mai awon gero ne da tiya da kuma mai ɗiba da hannu. Turawa ba don ado suka bar kafireta ba: dokar hayaƙi ta ƙasashen Turai da ta fara aiki a 1992 da 1993 ita ce ta kawar da ita daga sababbin motoci. Saboda haka kusan duk motar isansi da aka ƙera don Turai bayan wannan lokaci, ta biyo ta Kwatano ko Lome ta iso Yamai, da injekta ta zo.

Ban ce bakanikenmu mahaukata ba ne, suna da hujjarsu. Shekara da shekaru man kwalba na ƴan ruwa-ruwa muke zuba wa motoci, wanda ya sha jarka da ƙura, wani lokaci har da ruwa ko kananzir. Ramin bakin injekta bai kai na allura ba, datti kaɗan ke toshe shi, alhali kafireta ko a gindin bishiya aka tsaya, yaron mota zai kwance ta, ya wanke, ya hura da baki, a ci gaba da tafiya. Wanda ya taɓa kwana a daji tsakanin Hamdallaye da Baleyara da kayan gwari suna ruɓewa a bayan mota ba zai raina wannan ba. Kuma yawancin manyan garejinmu a kan Peugeot 404 da 504 suka koyi aiki, irin 504 ɗin da masana'antar Kaduna ta yi ta haɗawa, ga kayan gyaransu ko'ina.

To amma zamanin da aka gina wannan hujja a kansa ya wuce. A da ana cewa in ta sha mai ta sha, ai mai araha ne. Tun Nuwamban 2011 muna da matatarmu ta SORAZ a Damagaram. A watan Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, man kwalba ya daina zama na banza. A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, aka ji daɗi, sai kuma ga ƙarancin watan Maris na 2025, lokacin da muka ga layi a gidajen man Yamai har ana kwana. Wanda ya ci wannan layi ya san darajar lita guda. Ta yaya mutum zai biya kuɗi daga aljihunsa don a ƙara wa motarsa ƙishirwa?

Abin da ya fi damuna ma ba shan man ba ne, shi ne yadda ake yin aikin rabi da rabi. Famfon injekta da ke cikin tanki yana turo mai da ƙarfin bar 3 ko kusa da haka, ita kuwa kafireta abin da take ɗauka bai kai rabin bar ba. In bakanike ya yi ganda ya bar tsohon famfo, bai sa ƙaramin famfo ko abin rage ƙarfi da tiyon mayar da rara cikin tanki ba, sai kwanon kafireta ya cika ya yi ambaliya, mai yana ɗiga a kan injin mai zafi. Ku tuna a bayan irin waɗannan motoci mata ne zaune a kan buhuna, wasu da goyo. Duk motar da kika shiga kika ji warin isansi yana tashi daga gaba, ki yi magana, kada ki ji nauyin direba.

Sai maganar wuta. Ƙwaƙwalwar da aka cire, a yawancin motoci ita ce kuma ke tsayar da lokacin da buji zai ba da wuta. Da an cire ta dole a nemo delko mai cin gashin kansa. A nan ne ake sake cutar mai mota, a ɗauko masa tsohon delko mai kwantak daga wajen masu kayan kwance, wanda bakinsa ke cinyewa, kullum sai an goge an saita. Alhali akwai delko na lantarki wanda babu abin da ke gogar wani a cikinsa, wutarsa na da ƙarfi, mota na tashi da safe ko cikin sanyin hunturu ba sai an tura ba. In har za a yi juyin, wannan ne ya kamata a sa, kuma a saita lokacin wuta da fitilar awo, ba da kunne ba.

Kada a ce na hana gaba ɗaya. Akwai motar da juyin ya dace da ita. Wasu injinan Toyota tagwaye ne, an yi su iri biyu tun daga masana'anta: 22R mai kafireta da 22R-E mai injekta a Hilux, haka 1RZ da 1RZ-E a Hiace, irin motocin da muke gani a layin faba-faba. Harafin E ɗin nan shi ne alamar injekta. In motar ta tsufa, wayoyinta sun ƙone ko ɓera ya cinye, ƙwaƙwalwar ta mutu kuma ba a samun irinta, aikinta kuma bin kasuwannin daji ne, to a ɗauko bututun shigar iska da kafireta da delko na tagwayen injin a ɗaura, sun zauna daram. Amma a ɗauko kafiretar ƙaramar mota a fasa ƙarfe a liƙa wa injin kaya, wannan ɓarna ce. Motar da giyarta ke sauya kanta kuwa, wadda ƙwaƙwalwa ke yi wa umarni, kada ma a fara.

Laifin ba na bakanike ba ne shi kaɗai. Mu masu mota ma muna da namu: ba ma sauya matatar mai sai mota ta tsaya, matatar iska kuwa sai a kakkaɓe ta a mayar har ta yage, ga ƙurar Yamai. Muna tafiya da tanki kusan a bushe, muna zuba lita biyu-biyu, alhali man da ke tanki shi ke sanyaya famfo, in babu sai ya ƙone. Daga nan sai a ce injekta ba ta da kirki.

Ina kira ga hukumar FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, da makarantu irin su Kalmaharo da Issa Béri, su nemi manyan gareji a unguwanni su koya musu aikin na'urar bincike da Hausa da Zabarmanci, domin mutumin da ya yi shekara talatin da sifana a hannu ba zai koma aji ya zauna da Faransanci ba. Su kuma ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi a tashar Wadata, me zai hana a haɗa kuɗi a sayi na'ura guda ta tasha, a ɗora yaro a kanta?

Kai kuma mai mota, in bakanike ya ce a juya, ka ce ya fara auna ƙarfin famfo a gabanka, ya sauya matata, ya wanke injekta, a jona na'ura a ga abin da ta ce. In duk an yi haka aka ga babu makawa, to kayan da aka cire naka ne: ƙwaƙwalwa da injekta da wayoyi, har da tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake saye da tsada saboda ƙarfen falatinam da ke cikinta. Ka sa a zuba maka su a buhu ka tafi da su gida. Alhajin namu bai yi haka ba, da ya koma neman nasa don a mayar masa da motar yadda take, an ce masa wasu sun riga sun shiga wata motar.